Saita Lokacin Tartsatsi da Tsimin Fetur: Nazari kan Injinan da ke Aiki a Aujara da Tsakiyar Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alaƙar da ke tsakanin lokacin da fulogi ke ba da wuta da yawan fetur ɗin da inji ke sha, bisa la'akari da ire-iren injinan da jama'ar Aujara da kewayenta ke neman abinci da su. Ta nuna cewa saita taimin ba ya ƙirƙiro wani sabon tsimi, asarar da lalacewa ko mugun seti ya jawo yake dawo da ita. Ta kuma nuna cewa setin kunne da aka saba yi a gareji yana auna injin ne a yanayin da ba shi ne na aikinsa ba.

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta janye tallafin mai, lissafin duk mai abin hawa ya sauya. Litar fetur da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. A gari irin Aujara, da ke ƙaramar hukumar Jahun a masarautar Dutse, amfanin fetur bai tsaya ga tafiye-tafiye ba. Shi ke ɗago ruwa a fadama lokacin noman rani, shi ke kai hatsi kasuwannin Gujungu da Shuwarin, shi ne jarin ɗan acaɓa na yini. Saboda haka ƙorafin da makanike ya fi ji a yanzu shi ne "tana shan mai", kuma cikin magungunan da ya fi saurin bayarwa akwai "a saita taimin".

Manufar maƙalar ita ce tantance iyakar abin da wannan seti zai iya yi, da injinan da yake da ma'ana a kansu. Taimin iri biyu ne a bakin makanikai: na bawul, wanda bel ko sarƙa ke riƙe da shi, da na wuta. Na biyun ne abin nazari a nan. Za a yi amfani da waɗannan keɓaɓɓun kalmomi: "ƙarshen hawa" shi ne matuƙar inda fistan ke kaiwa a sama, "gaggauta wuta" shi ne ba da tartsatsi tun fistan na nesa da ƙarshen hawa, "jinkirta wuta" kuwa akasinsa. Ana ƙidaya tazarar da digirin juyawar kiranshaf.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Matsalar ta daɗe kusan daɗewar injin mai zagaye huɗu da Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. A motar Ford Model T ta 1908, direba da kansa ke gaggauta wuta ko jinkirta ta da wani ɗan hannu da ke jikin sitiyari, ya jinkirta lokacin tayarwa, ya gaggauta in ya hau hanya. Binciken Harry Ricardo a Ingila, a farkon shekarun 1920, ya tabbatar da cewa abin da ke iyakance ingancin injin fetur shi ne ƙwanƙwasar ƙonewa, wato ragowar haɗin mai da iska ya fashe da kansa kafin harshen wuta ya iso gare shi. Daga nan Graham Edgar ya samar da ma'aunin okten a cikin shekarun 1920 ɗin, wanda ke nuna juriyar mai ga wannan fashewa.

Ra'ayin da masana suka tsaya a kai a yau shi ne wanda John Heywood na jami'ar MIT ya tattara a littafinsa na 1988 kan tushen ilimin injina. A kowane gudu da kowane nauyi akwai lokaci guda na ba da wuta da ke samar da ƙarfin juyi mafi yawa daga mai ƙayyadadde. A wannan lokaci, rabin haɗin kan ƙone wajen digiri 10 bayan ƙarshen hawa, matsi kuma ya kai ƙololuwa wajen digiri 16. Wani abu da ba a cika kula da shi ba a cikin wannan sakamako shi ne cewa kusa da wannan matsayi asarar ba ta da yawa: kaucewar digiri biyu ko uku kan rage ƙarfi da abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba ko makamancin haka. Sai an yi nisa sannan asarar ke hauhawa da sauri.

Tarihi ya ba da gwaji mai faɗi. Bayan dokar tsaftace iska ta Amurka ta 1970, kamfanoni sun jinkirta wuta da gangan don rage hayaƙi mai guba, motocin farkon shekarun 1970 kuma suka yi suna wajen shan mai da rashin ƙarfi, har sai da na'urar tace hayaƙi ta shigo a 1975 aka samu damar maido da wani ɓangare na gaggautawar.

A ɗaya gefen akwai ra'ayin gareji, wanda ba a rubuce yake ba amma shi ke aiki a kan titi: gwanin makanike da kunne yake seti, kuma inda injin ya fi daɗin sauti nan ne daidai. Wannan ra'ayi yana da tushe a gogewa, ba abin rainawa ba ne, sai dai sashe na 4.2 zai nuna inda yake kuskure.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na ƙa'ida ne da lissafi. An kasa injinan fetur da ke aiki a yankin gida uku bisa tsarin wutarsu: masu distiributa, irin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna daga 1975, da Golf 2 da Golf 3 na haya; na biyu masu wutar da ba ta saituwa, wato babura irin Bajaj Boxer da Jincheng, da Keke Napep, da injin ban ruwa, da ƙananan janareta, sai masu ƙwaƙwalwa, wato motocin da kwamfuta ke yanke musu lokacin wuta. An auna kowane rukuni da tambaya ɗaya: ta ina lokacin wutarsa ke kaucewa, kuma me ke hannun makanike? Injinan dizal, kamar na niƙa da manyan motoci, ba sa cikin nazarin domin ba su da fulogin tartsatsi.

4.0 Nazari

4.1 Dalilin gaggauta wuta

Haɗin mai da iska ba fashewa yake yi gaba ɗaya ba, ci yake yi daga bakin fulogi zuwa bangon silinda, kuma cin yana ɗaukar lokaci. A juyi 800 a minti, kiranshaf na tafiyar digiri 4.8 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A juyi 3,000 kuwa digiri 18 yake tafiya a daidai wannan lokaci. Ashe ke nan in gudun inji ya ƙaru dole wuta ta riga fistan da tazara mai yawa, in ba haka ba matsin zai zo fistan ya riga ya yi nisa a gangara, zafin da ya kamata ya zama ƙarfi ya fice ta salansa.

Nauyi ma yana da nasa hukunci. In direba ya ɗan taɓa totur kawai, haɗin da ke shiga silinda kaɗan ne, gauraye da ragowar hayaƙi, kuma a hankali yake ci, don haka yana buƙatar ƙarin gaggautawa. In ya take totur har ƙasa, haɗin na da yawa, yana ci da sauri, kuma a nan ne haɗarin ƙwanƙwasa yake. Saboda haka babu wata lamba ɗaya da za a kira taimin ɗin mota. Lambar da ke cikin littafin kamfani, wadda a tsofaffin motoci da yawa take tsakanin digiri 5 da 10 kafin ƙarshen hawa, mafari ce kawai da sauran gaggautawar ke hawa a kanta.

4.2 Masu distiributa

A nan ne seti yake da ma'ana ta zahiri, kuma a nan aka fi ɓarna. Tsohuwar distiributa tana da na'urori biyu. Ta farko wasu ƙananan ƙarafa ne biyu masu sifirin da ke buɗewa in juyi ya ƙaru. Ta biyu wani ɗan gwangwani ne a gefe, mai fatar roba a ciki, da siririn tiyo zuwa kafireta. In totur na ɗan buɗe, zuƙar iskar injin na jan fatar, ta ƙara gaggautawa da digiri 10 ko fiye. Wannan gwangwani shi ne na'urar tsimin mai ta tsohuwar mota, domin tafiyar Aujara zuwa Dutse ko Kano yawancinta da ɗan totur ake yin ta. Amma in fatarsa ta fashe ko tiyonsa ya tsage, mota ba ta mutuwa, ba ta ƙin tashi, ba ta rasa ƙarfi a hawa. Shi ya sa sau da yawa a kan tarar an cire tiyon an toshe ramin da ƙusa ko guntun ashana, an ci gaba da tafiya. Gwajinsa ba ya buƙatar kayan aiki: a cire murfin distiributa, a zuƙi tiyon da baki, a duba ko farantin ciki ya motsa kuma ya tsaya muddin harshe na toshe da bakin tiyon. In iska na wucewa, fatar ta mutu.

A distiributa masu kwantak akwai wata kaucewa da ke zuwa a hankali. Ɗan robar da ke gogar sandar distiributa yana cinyewa, tazarar kwantak, wadda yawanci wajen milimita 0.4 ce, tana raguwa, wuta kuma tana jinkirta ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Don haka ƙa'ida ita ce a fara daidaita kwantak kafin a juya distiributa. Wanda ya juya tsarin ya yi aikin banza.

Sai setin kunne. Makanike kan kwance noti, ya kama distiributa yana juyawa injin na silo, har ya ji sauti ya ɗaga ya yi santsi, sai ya ɗaure. Matsalar farko ta lissafi ce. Distiributa na juyawa ne da rabin gudun kiranshaf, don haka digirinta ɗaya digiri biyu ne a inji. In faɗin jikinta santimita 6 ne, motsin milimita ɗaya tal a gefenta ya kusa digiri 4 na kiranshaf. Hannu ba ya jin milimita, ɗaure notin kansa ma kan iya gusar da ita haka. Matsala ta biyu ta fi girma. Inji a silo, babu nauyi a kansa, yana ƙara daɗin sauti in an gaggauta masa wuta nesa da lambar kamfani. Wannan rarar kuma tana biye da shi duk inda ya je. In aka loda buhuna da fasinja, aka take totur a babbar giya, sai a ji wata siririyar ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Ƙwanƙwasar ke nan, kuma in ta daɗe takan farfasa zoben fistan, ta ƙone gaskit, wani lokaci ta huda kan fistan. Wata alamar ita ce kik ya riƙa nauyi in injin ya yi zafi, kamar batir ya yi sanyi alhali lafiyarsa lau.

Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi cin mai. Direba ya sha mai marar kyau, mota ta yi ƙara, makanike ya jinkirta wuta sosai don ya kashe ƙarar, man ya ƙare amma setin ya zauna. Wutar da ta makara tana zafafa bawul ɗin fitar hayaƙi da salansa, lagireto ya fara tafasa, daga nan sai a ce tamostat ne a cire shi. An magance alama, cutar tana nan.

Ingantacciyar hanya ita ce fitilar taimin, wadda ke walƙawa duk lokacin da fulogi na ɗaya ya ba da wuta, ta nuna alamar da ke kan fuli kamar a tsaye take. Inda alamar ta goge ana iya sake ta: a nemo ƙarshen hawa na silinda ta ɗaya, a auna kewayen fuli da zare, a raba 360. Fulin da faɗinsa santimita 14 ne, kowane digiri kusan milimita 1.2 ne, digiri 10 ke nan milimita 12, a ɗiga farin fenti. Bayan setin silo, a ɗaga juyi a ga alamar na gusawa a hankali ba tare da tsalle ba. In ba ta gusa ba, ƙarafan ciki sun cije. Wasu nau'o'in Golf 3 na da distiributa amma ƙwaƙwalwa ce ke gaggautawa, kuma sai an bi matakin da kamfani ya gindaya an tsayar da ita kafin seti, in ba haka ba tana gyara abin da hannu ke juyawa, karatun fitilar ya zama ƙarya.

4.3 Babur, keke da injin ban ruwa

Waɗannan su ne mafi yawa a ƙauyukan Jahun da Miga da Kiyawa, kuma kusan babu abin juyawa a jikinsu. A babur, wani ɗan kwayil da ke kusa da fulawil ne ke sanar da akwatin CDI matsayin fistan, gaggautawar kuma a cikin akwatin aka gina ta. A injin ban ruwa irin Honda GX160 da kwaikwayonsa na Sin, wutar a kafe take, yawanci digiri 20 zuwa 25 kafin ƙarshen hawa, an zaɓe ta don gudun aiki na wajen juyi 3,600. Abin da ke riƙe da taimin ɗin gaba ɗaya wani ɗan makulli ne mai siffar rabin wata tsakanin fulawil da kiranshaf. In ya tauye, ko aka maye gurbinsa da guntun ƙusa da aka daddage, wuta ta kauce. Haka kuma akwatin CDI mai araha da ba na wannan injin ba zai iya tayar da babur lafiya amma gaggautawarsa ta saɓa. A injinan Bajaj masu fulogi biyu a silinda ɗaya, tsarin da kamfanin ke kira DTS-i, mutuwar fulogi ɗaya ba ta kashe inji, sai dai cin wutar ya ragu, sakamakonsa kuma daidai yake da jinkirta wuta.

Ga manomin rani, akwai abin da ya fi taimin tasiri. A ƙa'idar famfo mai fanka, ruwan da yake turawa na ƙaruwa daidai da gudu, amma ƙarfin da yake ci na ƙaruwa da gudu sau gudu sau gudu. Wanda ya ja sifirin gwamna don injin ya ƙara kashi 10 cikin 100 na gudu ya ɗora masa ƙarin aiki na kusan kashi 33.

4.4 Masu ƙwaƙwalwa

A motocin da ke da kwayil a kan kowane fulogi, duk wanda ya ce zai saita taimin ɗin wuta da sifana bai faɗi gaskiya ba. Ƙwaƙwalwa ce ke karanta juyi da nauyi da zafi, ta zaɓi lokaci daga jadawalin da ke cikinta. Akwai na'urar jin ƙwanƙwasa ɗaure a jikin inji. Da ta ji ƙara sai ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya, sannan ta riƙa maido ta kaɗan-kaɗan. In na'urar ta mutu ko wayarta ta tsinke, motoci da yawa kan koma jadawalin kariya mai jinkirtacciyar wuta su zauna a kai. Alamar kawai ita ce fitilar gargaɗi a dashbod, wadda wasu dillalai ke cire ƙwanta kafin sayarwa. Cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye, al'adar da ta yaɗu a garejin Najeriya da sunan wai an yi motar ne don ƙasar sanyi, na hana injin kaiwa zafin aikinsa na digiri 80 zuwa 90, musamman da asubahin hunturu, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar. Aikin makanike a nan karatu ne da na'urar OBD, tsarin da ya zama wajibi a Amurka daga 1996, a Turai kuma ga motocin fetur daga 2001. Na'urar na nuna digirin wuta a yayin da motar ke tafiya.

4.5 Mai da yanayi

Okten ɗin fetur na yau da kullum a Najeriya yana kewayen 90 zuwa 91, alhali yawancin motocin da ake shigowa da su daga Turai an tsara su ne inda 95 ya zama gama-gari. Man kuma ba iri ɗaya yake zuwa ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da shigowar fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam. Wanda ke shan mai a hannun 'yan bumburutu yana da ƙarin matsala, domin man da ya daɗe a jarka cikin rana yana rasa sassansa masu saurin tashi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Jigawa, iska mai zafi na kusanto da ƙwanƙwasa. Hukuncin da ya fito daga nan shi ne a yi seti don rana mafi zafi da mai mafi rauni, a bar ratar digiri biyu a bayan inda ƙara ke farawa. Kamar yadda aka gani a sashe na 2.0, kuɗin wannan rata kaɗan ne.

Motar da aka mayar mai amfani da iskar gas ta CNG, ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, lamarinta daban ne. Gas na jure ƙwanƙwasa fiye da fetur nesa ba kusa ba, amma ya fi shi jinkirin ci, don haka yana buƙatar ƙarin gaggautawa. In aka juya distiributa don gas, ranar da aka koma fetur injin zai yi ƙara. Mafita ita ce na'urar da ke ƙara digirin a kan gas kaɗai.

5.0 Auna Sakamako

Injin da taimin ɗinsa ke kusa da daidai ba shi da wani abin kirki da zai bayar, kuma iƙirarin rage shan mai da rabi ta hanyar seti ba shi da madogara a ƙa'ida. Riba tana wurin injin da ya kauce da nisa. A matsayin misalin lissafi kawai: motar hayar da ke shan lita 15 a yini, in gyara ya rage kashi 5 cikin 100, ta tsira da lita 0.75, wato naira 750 in lita na 1,000. A wata guda kuɗi ne mai auki, amma bambancin ya yi ƙanƙanta ƙwarai a ce allurar tanki ko jin direba za su gane shi. Nauyin kaya, iskar taya, ƙurar hunturu a matatar iska da ƙafar direba kowannensu na iya rufe shi.

A mota, ma'auni shi ne cika tanki zuwa cika tanki, a famfo ɗaya, a hanya ɗaya da lodi makamancin juna, a maimaita sau da dama kafin gyara da bayansa, kuma abu ɗaya kawai a canza a kowane zagaye. A babur da injin ban ruwa abin ya fi sauƙi: a cire tiyon tanki, a jona gora mai ma'auni, a ƙirga kilomita ko mintocin da rabin lita ya yi. Ga injin ban ruwa a haɗa da lokacin da yake ɗauka ya cika duro mai lita 200, domin abin da ake nema shi ne yawan ruwa a kan kowace litar fetur, ba daɗewar injin yana kuka ba. Sassan injiniyanci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse da ta Hussaini Adamu da ke Kazaure na iya gudanar da irin wannan gwaji tare da ƙungiyar makanikai ta NATA, sau ɗaya a hunturu, sau ɗaya a bazara, kan injinan da ke aiki a Aujara da kansu.